Wuri

Teku ta naɗe zanenta ta koma ɗaka,
ta bar duwatsun Millport tsirara.
Ni da Suwaiba, da bokiti, da littafin aro,
da tsohuwa Ishbel mai takalmin roba,
wadda ta fito da mu shayi bai huce ba,
wai ruwa ba ya jiran mai nawa.

A Gumel suna ɗaya na sani:
katantanwa.
Mu goge bakinta a dutse, mu murza a rairayi,
wanda tasa ta ƙi kifewa ya miƙo bayan hannu.
Nan kuwa kowace da sunan yanka,
da dangi, da shafi, da lamba.
Suwaiba na karanto su da harshen makaranta,
ni ina bi a baya ina raɗa musu nawa.

Wannan da ta manne wa dutse, Malfar Manomi.
Na sa farce, ta ƙara ƙanƙamewa.
Ishbel ta ce dare in ya yi takan fita kiwo,
ta dawo daidai gurbin da ta bari.
Na ce, to, ta fi ni.

Ga ƙanana rawaya cikin ciyawa mai yauƙin karkashi,
su ne Tsabar Masara.
Ga mai murɗaɗɗen baya, fara, kamar ta Allah,
ashe ita ke huda maƙwabta ta shanye su.
Mun ga aikinta: ƙwanso da rami ɗaya tak,
zagayayye kamar an sa basilla.
Mugu bai da kama.

Wata muka ɗauka, sai ta fito da ƙafafu.
Suwaiba ta yi ƙara, bokiti ya kife.
Ƙaguwa ce 'yar haya,
ta sami gidan marigayi ta shige,
in ta yi ƙiba ta nemi wani.
Ban ce komai ba. Gidanmu na biyar ke nan a Glasgow.

Can kan tsauni wani ƙanen ayu ya baje tumbi,
kan kare, ba kunne, gashin baki na dattijo,
yana kallonmu kallon mai unguwa.
Tsuntsu baƙi da fari, baki ja wur kamar karas,
yana ta fito yana kai ƙararmu.
Zalɓe kaɗai na gane ba da littafi ba.
Tsayuwarsa ɗaya da ta fadamar garinmu,
har na kusa tambayarsa mutanen gida.

Sai Ishbel ta durƙusa, gwiwa na ƙara,
ta tsame wani abu daga tsakuwa
ta sa mini a tafi.
Bai kai ƙwayar wake ba.
Baya mai zane-zane, ɗigo uku,
ciki da tsaga mai haƙora.

Suwaiba ta hau buɗe shafuka.
Na ce, rufe.
Wannan wuri ne.

Kakata Tabawa na da su cikin ƙoƙo,
manya, farare, ragowar kuɗin da aka daina karɓa.
Ta ce uwarta ta sayi gishiri da su.
Ta rasu ba ta ga ruwan da ya fi tafki ba,
alhali teku na ƙarƙashin gadonta.

Nawa zai saya? in ji Suwaiba.
Ishbel ta ce a nan cikin jaka ake sa shi
don kada ta wayi gari wayam.
Na yi dariya har iska ta shige mini haƙori:
ashe wuri ko'ina wuri ne.

Ruwa ya fara lasar takalmanmu.
Masu rai muka mayar, kowa raminsa,
'yar haya ma da gidanta.
Ɗaya na riƙe.

Mun zo da wuri, mun tsinci wuri.
A jirgin komawa Largs
ina ta juya shi cikin aljihu,
yatsuna sun ƙage don sanyi.